Wutsiyar Kaset

Duk wanda ya taɓa aiki a tashar talabijin ta garin nan, ko da na wata uku ne, ya san ƙofar ƙarshe ta doguwar barandar da ke bayan ɗakin labarai. Ƙofa ce mai launin toka, hannunta ya karye tun tuni aka ɗaura waya a madadinsa. A bayanta akwai kantoci shida na ƙarfe cike da kaset-kaset, da tebur, da fanka mai kaɗa kai, da kujera ɗaya tak. Kujerar ta Gwaggo ce. Shekara talatin da ɗaya tana zama a kanta, kuma ko manaja ne ya shigo, a tsaye yake faɗin abin da ya kawo shi ya fita.

Ba gwaggon kowa ba ce a tashar. Wani mai ɗaukar hoto ne ta taɓa wankewa tas saboda ya dawo da kaset babu kwali, ya fito yana sosa ƙeya yana cewa ko ƙanwar ubansa ba ta taɓa yi masa irin wannan faɗan ba. Daga ranar sunan ya bi ta, har masu furfura da shi suke kiranta. Gajeriya ce, tabarau a rataye a wuya, ga murya irin ta uwar da ta saba kiran yara daga ƙarshen layi. Ba ta zagi, ba ta kuma maimaita magana. In ta ce kaset ya dawo ƙarfe huɗu, to huɗu saura minti biyar za ka ga ƙato yana sassarfa a baranda.

Tashar ƙarama ce, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. An buɗe ta shekara arba'in da suka wuce a wani tsohon ɗakin ajiyar kaya, da kyamara biyu da eriya a kan tudun bayan gari. Reshe ce ta babbar tashar da ke babban birni, wadda ma'aikata ba sa kama sunanta, sai dai su ce Manya. Manya ke aiko labaran ƙasa da wasan kwaikwayo da ƙwallo, su bar wa reshe 'yan sa'o'insa ya cika da abin gida. A da, a mota shirye-shiryensu ke zuwa, cikin akwatin ƙarfe, sau biyu a mako. In mota ta lalace a hanya, gari ya sake kallon na makon jiya, kuma ba wanda ya mutu. Daga baya aka kafa ƙaton kwanon tauraron ɗan'adam a harabar tashar, shiri ya riƙa saukowa kai tsaye. Tun daga nan Manya suka fara gutsurar lokacin reshe, minti uku bana, biyar baɗi. Shirin manoma da yake awa guda ya koma minti hamsin da biyar, ya koma hamsin, ya yi ta motsewa har aka wayi gari babu shi. Haka na mata, haka na yara.

Aikin da aka ɗauki Gwaggo ta yi mai sauƙin faɗa ne. A wancan zamanin kaset ba ya samuwa sai Manya sun aiko, don haka guda ɗaya sai ya yi aiki sau talatin. Doka kuwa a rubuce take cikin yarjejeniyar reshe da Manya: duk kaset ɗin da aka gama nuna abin da ke kansa, a goge shi fes kafin a sake ɗauka a kai, don kada shirin Manya ya kwana a hannun da ba nasu ba. Akwai na'urar yin hakan, wani baƙin akwati mai nauyin buhun siminti, cike da maganaɗisu. A ɗora kaset a kai, a danna, ya yi gurnani, a juya, a sake dannawa. Sai Gwaggo ta ɓare tsohuwar takardar da ke goshin kaset ɗin, ta liƙa sabuwa, ta rubuta "an goge" da kwanan wata, ta sa hannu. A duk rassan Manya babu ɗakin kaset mai tsari kamar nata, har sau biyu ana aiko mata da takardar yabo.

Da kwamfuta ta zo, shekara goma da suka wuce, aka daina ɗauka a kaset. Masu jiran su ga Gwaggo ta rasa abin yi sun sha mamaki, don cikin wata biyu ta karɓe tsara jadawalin shirye-shirye, tana buga shi da yatsa biyu, ba ta kuma taɓa barin reshe ya shiga lokacin Manya da daƙiƙa ɗaya ba. Kaset ɗari shida da 'yan kai kuwa suka ci gaba da zama a kantocinsu. Manajoji uku sun yi niyyar kwashe su a mai da ɗakin ofis. Dukansu sun zo sun tafi, kaset suna nan.

Saura wata huɗu ta yi ritaya sai ga takarda daga Manya. Za su cika shekara hamsin, za a yi babban shiri wata Asabar da yamma, ƙasa duka tana kallo, kuma kowane reshe zai samu minti biyar ya nuna tarihinsa daga tsofaffin hotunansa. Takardar ta ce wanda ya fi tsufa shi aka fi so. Mako uku aka bayar.

Manajan yanzu, wani ɗan shekara arba'in da ba ya rabo da waya biyu a hannu, ya tara ma'aikata a ɗakin labarai ya karanta musu, bakinsa har kunne. Sannan ya juya.

"Gwaggo, me muke da shi na da?"

"Na da kamar yaushe, ranka ya daɗe?"

"Duk abin da ya haura shekara ashirin. Buɗe gada, ambaliyar nan da aka yi, shirin yara, komai."

"Abin da aka ɗauka na ƙarshe shi ke kan kowane kaset. Labaran minti goma ne da sanarwa. Na ƙarƙashinsu doka ta ce a goge."

"Duka?"

"Doka ba ta ce rabi ba."

Sai mai karanta labarai, wata doguwa mai son a yi dariya, ta ce, "Wato dai Gwaggo ta goge mu kaf. Shekara arba'in, ko inuwarmu babu." Aka yi dariya, ba da mugun nufi ba. Amma magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo mai gadi ya ji, mai shayin bakin ƙofa ya ji, har a motar haya Gwaggo ta ji wata mata tana ba maƙwabciyarta labari cewa sauran garuruwa za su fito a talabijin da iyayensu da kakanninsu, namu kuwa wata tsohuwa ta share komai. Manaja ya yanke shawarar a ɗauki hoton ginin da eriya, shi kuma ya tsaya a gaba ya yi jawabin minti biyar.

Abin ya ci Gwaggo, ba kaɗan ba. Shekara talatin da ɗaya tana gina suna guda, ga shi za ta fita da wani daban: matar da ta goge gari. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san ba gaskiya ba ne, kuma gaskiyar da za ta wanke ta, ita ma laifi ce.

Mijinta mai gyaran agogo ne, da ɗan shagonsa a ƙofar gida, tebur da gilashin ido ɗaya da tarin agogunan da masu su suka manta da su. Ranar da ta ji maganar nan a mota, ta zauna a bencin shagon ko jaka ba ta ajiye ba.

"Yau kuma wa ya taɓo min ke?" ya ce, bai ɗago ba.

"Malam, ka tuna shekarar da nake da cikin 'yarmu ta fari?"

"Shekarar da kika kawo min agogonki sau uku ya tsaya? Na tuna."

A karo na ukun ne ya buɗe agogon ya ce maganaɗisu ne ya kama shi, ya tambaye ta wace irin na'ura take tsayawa kusa da ita a wurin aiki. Da ta faɗa masa sai ya ce abin da ya iya tsayar da agogo ba tare da ya taɓa shi ba, shi kam bai san me zai yi wa ɗan da ke ciki ba. Shi ba likita ba, ita ba likita ba, ga shi cikin ya zo ne bayan ɓari biyu. Washegari ta je aiki ta dubi baƙin akwatin nan, ta ja ƙyalle ta rufe shi. Ta tariyo kaset baya, ta liƙa sabuwar takarda, ta rubuta "an goge", ta sa hannu. Ba abin da ya faru. Sabon ɗauka yana hawa kan tsoho ya cinye shi, ba wanda ya ga bambanci. Ta ce in ta haihu za ta koma amfani da akwatin. Ta haihu lafiya, yarinya ta yi wayo, ta shiga makaranta har ta gama, Gwaggo ba ta koma ba. Da farko tsoro ne, daga baya sabo, daga baya kuma ta ga in akwatin ya yi gurnani yau, wani zai tambayi inda gurnanin yake jiya.

"Shekara goma sha takwas ina sa hannu a kan ƙarya," ta ce. "Har takardar yabo suka ba ni a kanta."

"To in ba ki goge ba, ai komai yana nan ke nan."

"Ba komai ba. Wutsiya ce kawai."

Ta yi masa bayani da yatsunta a kan benci. Sabon shiri yana cin tsoho ne daidai tsawonsa, ba ya ƙarawa. In an ɗauki shirin minti hamsin da biyar a kan na awa guda, minti biyar ɗin ƙarshe na tsohon suna nan a baya, ba abin da ya taɓa su. In aka zo aka ɗora na minti hamsin, wutsiyar na hamsin da biyar ita ma ta tsira. Tunda kuwa Manya kullum rage wa reshe lokaci suke yi, kowane sabon shiri ya fi wanda ya riga shi gajarta. Masu aiki kuma da shiri ya ƙare suke tsayar da kaset, ba mai leƙa abin da ke gaba.

Maigidan ya cire gilashin daga idonsa. "Wato rowar Manya ce ta adana muku tarihi."

"Ita da tsorona."

"To me kike jira?"

"Malam, doka fa na karya. Wasu wutsiyoyin ma na shirin Manya ne. Wata huɗu ya rage min in fita da mutuncina."

"Wane mutuncin? Na wadda ta goge gari?" Ya mayar da gilashin ya sunkuya kan aikinsa. "Ni dai na san matar da na aura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Da Injiniya ta fara, don shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka riga ta zuwa tashar, kuma shi kaɗai zai iya tayar da tsohuwar na'urar kunna kaset. Dogo ne siriri, aljihunsa kullum cike da guntayen waya, kunne ɗaya ne ke yi masa aiki. Ta tsaya ta ɓangaren mai aikin, ta rufe ƙofa, ta faɗa masa komai ba ta rage ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango.

"Mene ne abin dariya?"

"Gwaggo, fiyus ɗin akwatin nan ai ni na cire shi. Shekarar da janareto ya ƙone. Na ce aron kwana biyu zan yi, in kin yi ƙorafi in mayar." Ya share hawaye da bayan hannu. "Shekara ashirin da biyar ina jiran ƙorafinki."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"In na tona ki, ai na tona ɓarawon fiyus."

Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Tsohon banza." Ranar ce kaɗai aka taɓa jin zagi a bakin Gwaggo, kuma Injiniya ya yi mako guda yana alfahari da shi.

Da ta faɗa wa manaja, shi kam bai yi dariya ba. Ya ajiye wayoyinsa biyu a kan tebur, abin da ba a saba gani ba.

"Gwaggo, kin san in muka aika wannan, tambayar farko da za su yi ita ce daga ina muka samo?"

"Na sani."

"Zan iya cewa a wani tsohon kwali muka tsinta."

"A'a, ranka ya daɗe. Ƙarya ɗaya na ɗauka shekara ashirin da takwas, ta ishe ni nauyi. Ka rubuta musu yadda aka yi. Ni na ƙi gogewa, ni na sa hannu."

"Takardar tuhuma fa za su aiko miki."

"Su aiko. Ban taɓa ganin kalarta ba, gara in gani kafin in tafi."

Kwana biyu Injiniya ya yi yana lallashin na'urar. Ya goge cikinta da auduga, ya yanko roba daga tsohuwar tayar keke ya maye gurbin bel ɗinta da ya tsinke, ya jona ta da kwamfuta. Ya gargaɗe su cewa kaset ɗin sun tsufa, wasu sau ɗaya kawai za su yarda a kunna su, don haka duk abin da ya fito a kama shi nan take. Gwaggo ce ta zaɓi na farko. Ba ta duba takardar goshi ba, tunda duk bakinsu ɗaya. Kwalaye ta bi da ido, ta zaro wanda kusurwarsa ta fi cinyewa.

Labaran minti goma suka wuce, mai karantawa ya yi sallama. Fuskar kwamfutar ta cika da tsaki-tsakin nan fari da baƙi da ma'aikata ke kira yayyafi. Gwaggo ta riƙe bakin tebur. In babu komai a bayan yayyafin nan, ta tona kanta a banza ke nan. Hoton ya yi rawa, ya karkace, ya miƙe, sai ga ɗaki mai koren labule, yara takwas a kan benci da kayan makaranta, malamar shirin tana cewa lokaci ya ƙure. Yara suka ɗaga hannu suna bankwana, na gefe ya zame ya faɗo daga bencin. Yayyafi kuma. Sai mata uku a bayan keken ɗinki, shekara huɗu kafin yaran, suna godiya ga masu kallo, ɗaya tana tambaya ko an kashe ne don ta cire takalmin da ya matse ta. Yayyafi. Can kusa da ƙarshen kaset ɗin, launi duk ya koɗe, ga wasu 'yan ƙwallon gari suna turereniya don kowa ya sa fuskarsa kafin a rufe.

"To," in ji Gwaggo, ta saki teburin. "Ɗauko na gaba."

Kwana goma sha biyu suka yi, daga safe zuwa tashi. Wasu kaset ɗin sun manne, wasu sun tsinke a ciki, wasu wutsiyar shirin Manya ce a kansu, waɗannan Gwaggo ta ware su gefe guda. Tun kwana na uku baranda ta fara cika, kowa ya ƙirƙiro uzurin da zai kawo shi ƙofa mai launin toka. A kwana na biyar, doguwar nan mai karanta labarai tana leƙe ta kafaɗar wani sai ta kurma ihu. Ga ta nan a shirin kacici-kacici, 'yar shekara tara, babu haƙoran gaba, ta faɗi amsa ba daidai ba tana murmushi kamar ita ta ci. Da aka watse ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Gwaggo, ki yafe min bakina."

"Bakinki ne abincinki. Je ki karanta labarai, saura minti shida."

Manaja ne ya zo da damuwa a kwana na goma. Ya kalli duk abin da aka tara, ya yi ta juya waya a hannu.

"Babu gada, babu ambaliya, babu wani babban mutum yana yanka ƙyalle. Gwaggo, wannan fa duk sallama ce. Kowa bankwana yake yi."

"Wutsiya ce, ranka ya daɗe. Me ake yi a ƙarshen shiri in ba sallama ba?"

"Sauran rassa da manyan abubuwa za su zo."

"Su zo da su. Gada tana nan, mai son ganinta ya je ya taka. Waɗannan kuwa rabinsu ba a kuma ganinsu." Ta sa tabarau. "A jera su, daga na kusa zuwa na nesa. Kada a sa kiɗa, kada wani ya yi magana a kai. Kai ma jimla ɗaya ta ishe ka."

Ya buɗe baki, ya tuna a ɗakin wa yake tsaye, ya rufe.

Ranar Asabar ƙarfe biyar na yamma, maigidanta ya fito da ƙaramar talabijin ya ɗora a kan teburin shago, maƙwabta suka kewaye. Rassa suka yi ta wucewa, gadoji da gine-gine da manyan mutane da almakashi. Sai aka kira sunan garin. Manaja ya fito ya faɗi jimlarsa ɗaya, cewa ga mutanen da suka yi wannan tashar. Daga nan fuskoki suka fara zuwa, arba'in da uku, kowa yana sallama da irin nasa salon. Yara masu ɗaga hannu, mata masu ɗinki, likitan da ke cewa a wanke hannu, mai hasashen yanayi da sandarsa, wani malamin lissafi da alli har a gira yana goge allo. Da farko layin ya kaure da ihu, wannan na cewa ga yayata, wancan na cewa ga mai shagon kwana tun yana da gashi. Da hotunan suka ƙara tsufa sai ihun ya ragu, aka koma "Allah ya jiƙan wane, Allah ya jiƙan wance." Wata tsohuwa ta miƙa hannu ta shafa gilashin. Gwaggo tana zaune a benci, hannu a harɗe, ta ji daɗi irin wanda ba ta taɓa ji a wurin aiki ba, kuma ba ta ɓoye shi ba.

Ranar Litinin takarda biyu suka iso daga Manya, daga ofis ɗaya, da sa hannun mutum ɗaya. Ta farko ta tuhuma ce, ta ce Gwaggo ta yi bayani cikin kwana uku dalilin da ya sa ta saɓa doka tsawon shekara goma sha takwas. Ta biyun roƙo ce, a taimaka a aiko musu kwafin duk abin da aka samu. Gwaggo ta karanta su duka biyun, ta ce ashe farar takarda ce kamar kowace, ta ɗauko biro za ta fara amsa. Sai mai gadi ya leƙo ya ce wani yana sallama da ita, ya ƙi faɗin abin da ya kawo shi.

Mutum ne da bai kai talatin ba, da rigar direbobin bas, hularsa a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya rasa ta inda zai fara.

"Mama, an ce ke ce mai kaset."

"Ni ce."

"Malamin lissafin nan da aka nuna, mai goge allo. Mahaifina ne. Ina wata bakwai ya rasu. Hoto ɗaya muke da shi, na katin aiki." Ya murza hular. "Ban taɓa ganin ya motsa ba sai shekaranjiya. Ban taɓa jin muryarsa ba. Mahaifiyata ta ce in zo in tambaya ko akwai saura."

Gwaggo ta san kaset ɗin, ta san kantar da yake. Ta kuma san cewa shirin malamin na minti arba'in ne, kuma ita da hannunta ta miƙa kaset ɗin aka ɗora wani abu a kai. Ba ta iya kwana-kwana ba, don haka ba ta yi ba.

"Ɗana, minti ɗaya ne da daƙiƙa goma. Kun ga daƙiƙa bakwai a ciki. Sauran shirin babu shi, ni na bayar aka hau kansa. Da na san za ka zo da na ɓoye maka shi duka."

"Minti ɗaya da daƙiƙa goma," ya maimaita a hankali. "Ai da yawa."

Ta miƙe, ta juya kujerarta ta fuskanci kwamfuta, ta ce ya zauna. Ita ta tsaya a bayansa ta danna.

Malamin ya fito, siriri, hannun riga a naɗe. Ya ƙarasa wani lissafin rabawa, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, ya ce wanda bai gane ba kada ya ji kunya, shi ma sai da ya maimaita aji. Ya yi dariya, ya goge allo, ya karkaɗe hannuwansa. Sannan ya dubi kyamara sosai ya ce, "To, yara, mu tsaya nan. A gaida gida."

Yayyafi ya rufe shi. Direban bai motsa ba.

"A sake, Mama."

Ta sake. Ya ce a sake, ta sake. Ba ta tambaye shi sau nawa ba, kuma da Injiniya ya turo ƙofa da wata magana, ido kawai ta yi masa ya koma. A karo na biyar, da malamin ya karkaɗe allin hannunsa ya dubi kyamara ya ce a gaida gida, sai direban ya gyara zama, ya share fuska da hularsa.

"Za su ji, Baba," ya ce.